Gargaɗi ga 'yan uwa mazauna Jamus: ku yi hattara da mai tallan tayoyin hunturu a WhatsApp

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina jan ƙafa kan wannan rubutu, domin wanda abin ya faɗa wa ɗana ne, ɗan ƙanwata, kuma ya roƙe ni in rufa masa asiri. Sai da na ji an sake yi wa wani bawan Allah a Bremen, da hotuna iri ɗaya da murya iri ɗaya, sannan na kira shi na ce: "Ɗana, ka yi haƙuri, shirun nan da muka yi shi ne jarin mutumin nan." Ya yarda in faɗa, amma ban da sunansa.

Shekarata goma sha ɗaya ina aiki a wani garejin sauya taya a Hamburg. Daga Oktoba zuwa Disamba babu abin da hannuna yake taɓawa sai taya da rim, saboda haka abin da zan faɗa na gan shi da idona, na auna shi da hannuna.

Yaron ya gama karatu, ya samu aiki, ya yi ta tari har ya sayi BMW Z4 ta hannu, ƙirar 2012, irin motar gudun nan mai kujera biyu. A watan Mayu ya saye ta, da tayoyin bazara a ƙafarta. Da sanyi ya ƙarato abokan aikinsa suka tuna masa al'adar Jamusawa, wato daga Oktoba zuwa bikin Ista ana hawa tayar hunturu ne. Ya tambayi kuɗin sababbin tayoyi huɗu da rim ɗinsu, ya ji sun haura Yuro dubu, ya ja da baya. A makon ne ya ga talla a wani zauren WhatsApp na 'yan Afirka ta Yamma: tayoyin hunturu huɗu a kan rim masu ƙyalli, "kamar sababbi, kaka ɗaya aka hau su". Mutumin yana jin Hausa sarai. Ya yi masa sallama, ya tambaye shi mutanen gida, ya ce masa ɗan uwa, ya rantse cewa Bature zai sayar da su dubu da ɗari, amma shi don zumunci ya kawo ɗari shida. Suka haɗu bayan Magariba a filin ajiye motoci na wani babban kanti. Tayoyin suna bayan wata farar motar kaya, kowace a cikin leda. Mutumin da kansa ya fito da jak ya ɗaura masa su nan take, wai alheri. Ya karɓi kuɗi a hannu, babu rasit, ya yi gaba.

Bayan mako uku, da wata safiya da raɓa ta daskare a kan kwalta, wayata ta yi ƙara. "Kawu, motar ta juya da ni." A shataletale ne, gudunsa bai kai kilomita 30 ba. Bayan motar ya zame, ta wulwula, ta daki bakin titi. Allah Ya kiyaye babu mai keke, babu yaro a wurin.

Da aka kawo ta gareji na ɗaga ta na cire ƙafafun, sai jikina ya yi sanyi.

Abu na farko da na nema shi ne shekarun tayar. A gefen kowace taya akwai rubutun da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshensa su ne mako da shekarar da aka yi ta. A gefen waje na tayoyinsa babu waɗannan lambobi huɗun, domin sau da yawa gefe ɗaya kawai ake buga su, mutumin kuma ya juya wannan gefen ciki. Da na leƙa ciki na ga 3811 a kan guda biyu, wato mako na 38 na shekarar 2011. Tayoyin sun girmi motar. Sauran biyun an goge wurin da abin gurza ƙarfe, an bi da baƙin man ƙyalli. Na danna farce a jikin robar, ta ƙi lotsawa, kamar busasshen ƙirgi. Tayar hunturu amfaninta duka a taushinta yake. An haɗa robarta ne yadda ba za ta sandare ba idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, lokacin da tayar bazara take fara tauri. Idan ta tsufa ta bushe, sunan kawai ya rage mata.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne zanen. Yaron ya ce mini: "Kawu, ai na duba, zanen da zurfinsa." Gaskiya ne, da zurfinsa, amma yanka shi aka yi. Akwai wata wuƙa mai zafi da ake sake zurfafa zanen tayar manyan motoci da ita, kuma ko a can sai tayar da aka rubuta a jikinta cewa za a iya yi mata haka, domin an bar mata kaurin roba a ƙasa. Tayar ƙaramar mota ba ta da wannan kaurin, shi ya sa dokar Jamus ta hana. A ɗaya daga cikin na baya, da na haska fitila cikin ramin, na hango wayar ƙarfen da ke riƙe da tayar. Da a kan Autobahn, babban titin gudu, take a guje lokacin da ta gaji, da wani zancen ake yi yanzu. Ga yadda za ku gane wannan ha'inci: tayar hunturu ta gaskiya tana da ɗaruruwan ƙananan tsage-tsage siriri a kan kowane tudun zanenta, su ne ke cizon ƙanƙara. Tayar da ta suɗe aka sake yankawa za ka ga manyan ramuka da zurfi, amma tudun sumul, ƙananan tsagen sun shafe. Sannan a cikin ramin akwai 'yan ƙananan tudu da masana'anta take sawa don nuna iyakar ci, a tsayin milimita 1.6. Idan ka bi ramin da yatsa ba ka ji su ba, wuƙa ta bi ta kansu.

Ko da a ce tayoyin lafiyayyu ne, doka ba ta san su a matsayin na hunturu ba. Harafin M+S kaɗai ne a jikinsu. Tun daga 1 ga Oktoban 2024, tayar da ake lissafawa ta hunturu a Jamus ita ce mai tambarin dutse mai kai uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a tsakiya. Tsofaffin masu M+S kaɗai, waɗanda aka yi kafin 2018, an ɗaga musu ƙafa zuwa ƙarshen Satumban 2024, wa'adin ya wuce. Ina zargin wannan canjin ne ya cika hannun irin mutumin nan da kaya, domin mutane da yawa sun zubar da tsofaffin nasu a lokacin. Jamus ba ta sa ranar da dole a sauya taya ba, yanayin hanya ake dubawa: in akwai ƙanƙara, ko dusa, ko narkakkiyar dusa, ko santsin raɓa, dole tayarka ta zama ta hunturu. Wanda aka kama tarar Yuro 60 ce da maki ɗaya a rajistar laifukan direbobi ta Flensburg, ta koma 80 in ya tare wa wasu hanya, 120 in ya yi hatsari. Wanda ya ba da aron motarsa a haka shi ma Yuro 75 da maki ɗaya. Tarar ma ita ce mai sauƙi. Kamfanin inshora yana iya rage abin da zai biya na gyaran motarka in ya ga sakaci ne.

Sai rim. A nan masu motocin gudu suka fi shiga hannu, domin ido yana son ƙyalli. Rim ɗin da aka sayar masa yana da tambarin BMW a tsakiya, amma murfin ne kawai, ana sayen irinsa da kuɗi kaɗan. A bayansa babu lambar kamfani, a gabansa babu lambar KBA, wadda ke nuna hukumar motoci ta Jamus ta amince da shi. Rim ɗin da ba na asalin motar ba dole ya zo da takardarsa, ABE, wato takardar izinin amfani da shi, ko takardar gwajin da za a kai wa TÜV, masu gwajin lafiyar motoci, ko makamancinta su shigar da shi a takardun motar. In babu, izinin motar na hawa titi yana iya faɗuwa gaba ɗaya. Ramukan noti sun yi daidai, biyar a da'irar milimita 120 kamar yadda Z4 ta wannan zamani take so, shi ya sa ya shiga. Amma ramin tsakiya ya fi na motar faɗi. Nata milimita 72.6 ne, wannan 74.1, kuma ba a sa zoben da ke cike gibin ba. Yaron ya ce tun ranar farko sitiyari yake rawa in ya kai ɗari, ya ɗauka halin tayar hunturu ne. A ɗaya daga cikin rim ɗin kuma, ta ciki, na kankare fenti na tarar da ɗinkin walda tsawon yatsa. Ya taɓa tsagewa, aka like, aka fesa masa azurfa.

Ku sani, lambobin nan ba ado ba ne. Sabuwar Z4 da Audi da Mercedes ramukansu biyar a 112 ne, Porsche galibi biyar a 130. Akwai lambar ET, wadda ke nuna yadda rim zai shige ciki ko ya fito waje, in ta kauce taya za ta goga jikin mota. Motar gudu birkinta babba ne, ƙaramin rim ba ko da yaushe yake rufe shi ba. Hatta kan noti iri-iri ne: BMW mai tsini take amfani da shi, rim ɗin asali na Audi da Mercedes mai zagaye. Girman tayar da aka yarda wa motarka yana cikin takardunta, shi za ka bi, ba bakin mai talla ba. Kuma a hunturu mafi sirantar girman da takarda ta yarda da shi ya fi kama dusa, ko da faffaɗar ta fi kyan gani. Mota irin tasa tana wuce kilomita 230 a awa, tayar hunturu mai harafin H kuwa iyakarta 210. Doka ta yarda a hau ta, da sharaɗin a manna takardar iyakar gudun a inda direba zai riƙa gani, kuma kada ya wuce.

Me ya sa na dage kan motar gudu? Domin ƙafafun baya ne ke tura ta, ƙarfinta kuma da yawa. Abin da ƙaramar mota mai ja da gaba za ta yafe maka, ita ba za ta yafe ba. Mu kuma yawancinmu mun koyi tuƙi ne a Kano ko Kumasi ko Yamai, inda santsi sai na damina. Ba mu taso da sanin ƙanƙara ba, mutumin nan kuwa ya san haka. Da gangan yake zaɓen mu, da harshenmu yake shigo mana.

Na Bremen ma ko tayar bai gani ba. An tura masa hotunan nan dai, aka ce wasu mutum biyu suna layi, in yana so ya ba da kafin alƙalami na Yuro 250 ta PayPal, amma ya zaɓi hanyar tura wa dangi da abokai "don kada a cire caji". Wannan hanyar ba ta da kariyar mai saye, an yi ta ne don mutanen da suka san juna. Kuɗi na shiga, lambar ta mutu.

Ba na cewa duk tayar hannu haramun ce. Ni kaina na sha sayar da masu kyau, 'yan shekara biyu ko uku, ga wanda aljihunsa bai kai sabuwa ba. Amma a gan ta da rana, a fito da ita daga leda, a juya ta ciki da waje. A karanta lambobi huɗun nan a kan kowace ɗaya, ba guda ɗaya da mai kaya ya miƙo ba. Wadda ta haura shekara shida ni ba na ba ɗan uwana shawarar ya saya don hunturu. Zurfin zane doka ta tsaya a 1.6, amma ƙungiyar direbobi ta ADAC tana ba da shawarar kada ya gaza milimita 4, kuma a Ostiriya in ya gaza 4 ba a ma lissafa ta a tayar hunturu. In babu ma'auni, sa kwabon Yuro biyu a ramin: farin bakinsa ya kamata ya nutse. A ce wa mai kaya a haɗu a gareji, makanike ya ɗora rim a injin balansi, nan take lanƙwasa take bayyana. Mai gaskiya ba ya gudun wannan. A rubuta yarjejeniya da suna da adireshi, a ga katin shaidarsa. Kada rubutun "sayarwar kai da kai ce, babu garanti" ya tsorata ku, domin a dokar Jamus wannan ba ya kare wanda ya ɓoye aibi da gangan.

Mun kai ƙara wurin 'yan sanda, da hotunan tallar, da saƙonnin murya, da tayoyin kansu, waɗanda har yanzu suna ajiye a bayan garejinmu. Ana iya shigar da irin wannan ƙara ta intanet, ba sai an je ofis ba, kuma damfara laifi ce da hukuncinta yake kaiwa ɗaurin shekara biyar. Na san wasunmu ba sa son abin da zai haɗa su da hukuma, wasu kuma kunya ce, kada a ce an yi musu wayo. Ɗana ma haka ya ji. Amma ƙara ɗaya takan kwanta a fayil, uku ko huɗu masu kama da juna su ne ke sa a tashi nema.

Mutumin yana sauya lamba, amma hotunansa ba su sauya ba: tayoyi huɗu jere a jingine da ƙofar gareji mai launin toka, rim masu ƙafa biyar, da jan bokiti a gefen hagu. Masu kula da zaurukanmu, don Allah ku duba ko tallar ta taɓa shigowa, ku cire ta, amma ku ɗauki hotonta tukuna. Wanda kuma ya riga ya saya daga hannunsa, kada ya hau Autobahn da su ko sau ɗaya. Ya lallaɓa zuwa gareji mafi kusa, ya ce a cire ƙafafun huɗu a duba ta ciki, lambar DOT da ramin zane da bayan rim. Aikin bai wuce rabin awa ba.