Fasfo mai shafi 64: abin da na gani bayan na shekara biyu ina yawo da shi

Ni 'yar kasuwa ce a Kano. Leshi nake sayarwa da mayafai da jakunkuna da takalman lefe, kuma tun 2016 nake zuwa sari da ƙafata. A shekarar da kasuwa ta yi kyau nakan fita sau huɗu ko biyar, yawanci zuwa Gwanzu ta ƙasar Chaina, wani lokacin Alƙahira don abaya. Mata da yawa da ke shirin fara fita suna tambayata ko fasfo babba ya cancanci kuɗinsa, musamman yanzu da farashinsa ya kai inda ya kai. Amsata ita ce e, ga mai tafiya irin tawa. Amma dalilina ya wuce yawan shafi, don haka bari in faɗi yadda abin yake tun daga tushe.

Fasfona na farko mai shafi 32 ne na shekara biyar. Bai kai shekara uku ba ya cika. Lissafin ba shi da wuya. Bizar Chaina ita kaɗai takan cinye shafi guda cur, don liƙa ta ake yi. Sannan ga hatimi huɗu a kowace tafiya: na fita daga gida, na shiga can, na fita daga can, na dawowa gida. Tsayawar da ake yi a filin jirgin Bole na Adis Ababa don canjin jirgi ba ta cin komai, tunda ba a shiga gari. To ka ga kowace tafiya shafi biyu ke nan, in an taki sa'a jami'i bai dangwala hatiminsa a tsakiyar sabon shafi ba. Kuma ba duk shafi 32 ɗin ne na biza ba, akwai na bayanai da na rubuce-rubucen hukuma. Ga shi ƙasashe da yawa ba sa karɓar takardun neman biza sai da shafi biyu fari tas, da kuma aƙalla wata shida kafin wa'adin fasfo ya ƙare. Wato na shekara biyar ɗin ma, shekara huɗu da rabi yake yi maka aiki.

Na biyu ma ƙarami na karɓa, a 2018, shi kuma annobar korona ce ta sa ya kai wa'adinsa, domin Chaina ta rufe ƙofa ga baƙi a Maris na 2020, ba ta koma ba da kowace irin biza ba sai Maris na 2023. Da aka buɗe na ce wannan karon babba zan yi. An ƙaddamar da shi tun Janairun 2019, shafi 64, wa'adin shekara goma, ga wanda ya kai shekara 18. A lokacin da na yi nawa kuɗinsa a hukumance naira 70,000 ne. A Satumban 2024 ya koma 100,000, a Satumban 2025 ya koma 200,000, ƙaramin kuma 100,000. Ba ƙaramin kuɗi ba ne, kuma ba zan ce wa kowa araha ne ba. Sai dai in ka duba, biyu na ƙaramin shi ne ɗaya na babban, ka kuma huta da zuwa ɗaukar hoto da yatsu sau biyu, da jiran fitowarsa alhali kaya suna ƙarewa a shago.

Ta fuskar ƙira ba ni da abin kushewa. Shafin hoto da suna na roba ne mai tauri kamar katin cirar kuɗi, ba ya lanƙwashewa, rubutun kuma a cikin jikinsa yake, gumi ko danshi ba sa taɓa shi. Tsohon nawa shafin hotonsa ya fara ɗagowa daga gefe saboda yawan buɗewa, har nakan ji gabana yana faɗuwa in an ɗora shi a kan na'ura. Wannan bai taɓa ƙin karantuwa ba ko sau ɗaya. Ɗinkinsa na nan daram duk da kaurinsa. Bangon ne kawai rubutun zinarensa ya fara dusashewa, saboda takardun kaya da ma'aikatan jirgi ke liƙawa a baya ana ɓarewa. Na saya masa riga ta roba, sai dai a cire ta a gaban jami'i. Abu ɗaya da za a kula tun kafin a biya kuɗi: sunan da ke kan lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN da ranar haihuwa su ne za su hau fasfo, don haka in akwai kuskure a can a fara gyara shi.

Amma babban amfanin da na samu ba a shafi yake ba, a wajen tambaya yake.

Duk wanda ke yawan hawa jirgi ya san tambayar nan: me kike zuwa yi haka a kai a kai? Jami'in shige da fice yana yin ta, kawu yana yin ta, ƙawa ma tana yin ta, kowa da abin da yake nufi. A 2018, tafiyata ta farko da sabon fasfo na biyu, na manta tsohon a gida. A wani filin jirgi a waje jami'in ya juya littafin nan gaba da baya, bai ga komai ba sai biza ɗaya. Na ce masa na sha zuwa, ya ce ina shaida. Aka ajiye ni a gefe kusan awa guda, ana duba kwamfuta, ana kiran lambar kamfanin da ya aiko min takardar gayyata. Ba a wulaƙanta ni ba, aikinsu suke yi, amma na fahimci wani abu a kan bencin nan: bakina ba shi da nauyin da hatimi yake da shi.

Bara kuwa, a tafiya ta biyar cikin shekara, wata jami'a ta yi min tambayar. Kafin in gama amsawa ta fara buɗe shafuka ɗaya bayan ɗaya. Abin da take nema na san shi: kowane hatimin shiga ya kasance da ɗan'uwansa na fita, kuma tsakaninsu bai wuce kwanakin da biza ta bayar ba. Nawa kwana goma ne, sha biyu, tara, sha ɗaya. Biyu daga ciki sun faɗo a Afrilu da Oktoba, lokacin babban baje kolin Kanton da ake yi a Gwanzu tun 1957, wanda duk jami'in can ya san 'yan kasuwa na tururuwa dominsa. Ta ɗago ta ce, kasuwanci? Na ce e, yadi da jakunkuna. Ta buga hatimi. Ko minti biyu ba mu yi ba. Littafi ɗaya mai ɗauke da tarihin shekaru a jere ya fi littattafai uku da aka yanka wa kusurwa, kodayake har yau ina ɗaure tsofaffin nawa da kyauro in sa su a jaka.

Ga abin da shekarun nan suka koya min a gaban teburin jami'i. Amsa gajera ta fi doguwa. In an tambaye ki me ya kawo ki, faɗi sana'arki da kwanakin da za ki yi, ki yi shiru. Mai tsoro ne ke zuba labari. Tikitin dawowa da takardar otal da takardar gayyata da katin allurar shawara su kasance a hannu a takarda, ba a waya ba, domin caji na ƙarewa, intanet ɗin filin jirgi kuma ba ta da tabbas. Ina ƙarawa da kwafin rajistar shagona ta hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC, da rasit biyu ko uku na kayan da na aiko a tafiyar baya. Batun kuɗi kuma gaskiya ce kawai maganinsa: dokar Najeriya ta ce a bayyana wa kwastam abin da ya haura dala 10,000, ta Chaina kuma abin da ya haura dala 5,000. Bayyanawa ba ta sa a ƙwace kuɗin halal. Ɓoyewa ce ke jawo hakan.

Dole in faɗi ɗaya gefen. Fasfo mai cike da hatimi yakan jawo ido, musamman a wajen masu binciken ƙwaya. An fi buɗe jakata yanzu fiye da lokacin da nake sabuwar fita, ana kuma tambayata wa ya haɗa min kaya, ko wani ya ba ni saƙo. Ban taɓa jin haushin wannan ba, don na san abin da ake gudu. Amsata ɗaya ce kullum, ni na haɗa kayana, kuma ba na karɓar saƙon kowa, ko da kuwa ƙullin yaji ne. Wannan ƙa'idar ta ɓata ni da mutane biyu ko uku a unguwa, na haƙura.

A gida kuwa tambayar ta fi nauyi, don ba hatimi ake nema ba. Mahaifiyata tsoro ne ya cika mata zuciya. Tun labarin ɗalibar nan da aka tsare a Saudiyya a ƙarshen 2018 saboda wata jaka da aka liƙa wa sunanta ba da saninta ba, wadda sai a Afrilun 2019 aka sako ta, Hajiya ba ta ƙara yin barci mai daɗi ba in ina hanya. Takan ce, 'yar nan, abin da Allah ya ba ki bai isa ba ne sai kin riƙa ratsa sama? Ban taɓa iya ba ta amsar da ta gamsar da ita ba, sai ranar da na dawo na zauna kusa da ita ina gyara takardu, ta ɗauki fasfon ta fara buɗewa. Ba ta karanta rubutun boko, amma ta gane lambobi. Na riƙa nuna mata, nan na shiga, nan na fito, wannan tafiyar ce na sayo kayan auren ƙanwata, wannan ita ce ta biya kuɗin makarantar yara na zango biyu, wannan ta Alƙahira ce da na kawo miki man habbatus sauda. Ta daɗe tana shafa shafin da yatsa. Daga baya ta ce, ashe duk a rubuce yake. Na ce a rubuce yake, Hajiya. Tsoron bai tafi ba, har yau sai ta sa an yi min sauka kafin in tashi, amma tafiyar ta daina zama mata wani duhu da 'yarta ke shiga tana fitowa.

Kawuna shi damuwarsa daban ce, kuma ina girmama ta. Ya kira ni ya ce, ke da aurenki, wa ke raka ki? Na ce, Kawu, da izinin maigidana nake fita, ƙanena kuma shi ke raka ni, tare muke sari, shi yana ɓangaren takalma. Ya ce to waya fa, ba ga yara nan suna oda daga ɗaki ba? Gaskiyarsa, ana yi, ni ma ƙananan kaya ta manhajar saƙo ta WeChat nake cewa a ƙaro min. Sai dai leshi ba a sayensa da hoto. Launin da waya ke nunawa daban, na zahiri daban. Sai ka taɓa za ka san ko dutsen jiki liƙe yake ko ɗinke, sai ka auna za ka san yadi biyar ɗin ya cika. Sau ɗaya na yi odar mayafai masu yawa ban je ba, abin da ya iso bai yi kama da abin da na zaɓa ba, na shekara ina karyar da su. Na ce masa, Kawu, zuwa da kai ya fi aike. Ya yi shiru, sannan ya ce Allah ya tsare hanya. Daga gare shi wannan babbar magana ce.

Ƙawaye ne na daina yi wa bayani. Wasu gani suke hutu nake zuwa, suna cewa Hajiya an ji daɗi, kullum a sama. Ba su ga daren da ake kwana a kujerar ƙarfe ana jiran jirgi na biyu ba, ko tafiyar fiye da awa goma daga Adis Ababa zuwa Gwanzu da ƙafa a kumbure, ko yinin da ake yi ana hawa da sauka a benayen kasuwannin unguwar Sanyuanli ta Gwanzu da biskit da ruwa a jaka don ba ko'ina ake samun abincin halal ba. Wasu kuma magana suke jefawa a fakaice, irin wadda ake jefa wa duk macen da aka ga tana samu. Wannan babu littafin da zai goge ta. Wadda ta tambaya da zuciya ɗaya nakan ce ta zo shago ranar da ake buɗe dila.

Wanda zai yi babban fasfo ya san abin da ba zai yi masa ba. Ba ya ƙara ƙasa ko ɗaya a kan waɗanda ƙaramin ke shiga, biza dai sai an nema. Shekara goman nan ma, ga mai irin tafiyata, a takarda take: na riga na ci shafi 22, don haka da wuya ya wuce shekara shida. In kuma ya ɓata, asarar ta ninka, kuɗi da tarihi gaba ɗaya, shi ya sa nake ɗaukar hoton kowane sabon shafi in tura wa maigidana. Wanda tafiyarsa Umara ce sau ɗaya a shekara ba shafi zai ƙare masa ba, tunda bizar Saudiyya yanzu a takarda ake bugo ta, ba a liƙawa. Haka mai zuwa Kwatano ko Akkara ko Lome, inda yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin kwana 90 ba tare da biza ba, hatimi kawai zai riƙa sha. Irin waɗannan, in suka zaɓi babban, don tsawon wa'adi ne kawai, in kuma aljihu bai kai ba ƙaramin ya wadatar.

Tafiyata ta gaba bayan ƙaramar salla ce in Allah ya kai mu, don haɗo kayan bikin da ake yi kafin babbar salla. Hajiya ta riga ta ce in na dawo kada in wuce gida sai na biya ta wajenta da littafin, tana so ta ga sabon shafin da idonta.