WLtoys 144001 ko MJX 14210: amsa ga ɗan'uwanmu na Agege kan motar rimot ta farko

Ɗan'uwa, na ga tambayarka tun daren jiya, na bari sai na samu zama don kada in ba ka amsar tsaye. Ka ce sau biyu kana saya wa yaronka motar rimot a kasuwa, kowacce ba ta rufa sati biyu ba ta mutu. Yanzu kana son wadda za ta shiga ƙasa da tsakuwa, ku riƙa wasa da ita kai da shi, ba tare da ka zuba kuɗi mai yawa ba tunda kai ma sabon shiga ne. Ka turo hotuna biyu, WLtoys 144001 da MJX Hyper Go 14210, ka kuma ce wani ya ba ka shawarar ka haƙura ka tara kuɗin Traxxas Slash.

Waɗancan biyun da suka mutu ba laifin yaron ba ne, kada ka yi masa faɗa. Motar rimot iri biyu ce. Akwai ta wasan yara, wadda aka haɗa ta dunƙule guda, in abu ɗaya ya lalace shi kenan, babu mai sayar maka da shi. Na taɓa kwance irinta a kan tabarma, na tarar da wata 'yar giya ta farar roba kamar ta cikin agogon bango, haƙora uku sun share, inji yana ta kuka taya ba ta motsi. Ɗaya irin kuwa komai nata da sukuru aka ɗaure, kuma kowane ɓangare yana da lambarsa, za ka iya sayensa shi kaɗai. In kana shago kana son ka gane wacce ce a hannunka, juya sitiyarin rimot ɗin kaɗan. In tayoyin gaba suka karkata daidai juyin hannunka, ta ƙwarai ce. In suka yi tsalle gaba ɗaya zuwa ƙarshe, ajiye musu kayansu. Duka ukun da ka ambata suna cikin iri na biyu, don haka ka riga ka tsallake babban rami.

Biyun da ka turo 'yan gida ɗaya ne ta fuskoki da yawa. Duka daga China suke, duka girmansu 1/14 ne na motar gaske, tsawonsu ya ɗan haura santimita 30, duka tayoyi huɗu ke ja, ƙasansu farantin alminiyam ne, kuma rimot ɗinsu na zangon 2.4GHz ne, saboda haka ko motoci biyar aka tara a fili ɗaya rimot ɗin wani ba zai ja motar wani ba.

Inda suka fara rabuwa shi ne tsayin ciki, kuma a wurina wannan ne ya fi shafarka. 144001 kwance take, cikinta dab da ƙasa, ƙirar motar tsere. A kan intalok, ko filin ƙwallon makaranta mai jar ƙasa da ta taushe, tuƙinta daɗi ne da shi, tana shan kwana kamar an zana mata layi. Amma ka san lungunanmu. Ga dutse ya leƙo, ga ɓaraguzan bulo, ga bakin kwata, ga ciyawa ta tashi da damina. A irin nan cikinta ne zai riƙa dukan ƙasa, ciyawa ta naɗe mata ƙafa, inji ya yi ta wahala. 14210 tayoyinta manya ne kuma cikinta ya ɗaga, abin da zai tsayar da waccan ita hayewa take yi ta wuce. Abin da ta biya a madadin haka shi ne saurin kifewa in ka sha kwana da gudu, sai an je an tashe ta. Yaro ba ya gajiya da wannan, shi ma wasa ne a wurinsa.

Sai inji. Na 144001 mai burushi ne, lamba 550, irin burushin kabon ɗin nan da ke cinyewa a janareta ko injin markaɗe. Babban inji ne a ƙaramar mota, shi ya sa kamfanin ke rubuta gudun kilomita 60 a awa a jikin kwalin. Yana zafi sosai, balle a ranar Legas, dole in batir ya ƙare ka bar shi ya huce kafin ka sa wani. Burushin kuma komai daɗewa zai cinye, sai dai injin ba shi da tsada, kuma duk mai gyaran rediyo zai iya canza maka. Na 14210 marar burushi ne, babu abin da ke gogar wani a ciki, ya fi daɗewa, ya fi jimrin ƙura, ya fi ƙarfi. Ƙarfin nan kuwa shi ne abin tsoro ga sabon hannu. Ba ƙasa ce ke karya waɗannan motoci ba, gudu ne da bango. Sa'ar da aka yi, rimot ɗin MJX yana da maɓallin da ke rage totur zuwa kashi 70 cikin ɗari. Ka sa shi a nan ka manta da shi wata guda. Motar tana karɓar batir mai gida uku, wato ƙwayoyin batir uku a haɗe, wanda ke ƙara mata gudu sosai, kuma za ka ga masu bidiyo suna ta zuga shi. Don Allah kada ka saya yanzu, mai gida biyu ya ishe ku.

A kayan gyara 144001 ce gaba. Tun 2019 take kasuwa, an saye ta ba adadi, babu ɓangarenta da ba za ka samu a shagon intanet na AliExpress da araha ba. Na MJX ma ana samu, ba su dai kai nata yawa ba. Amma ko wacce ka ɗauka, kada ka sa rai za ka shiga kasuwar Computer Village ko ta Alaba ka fito da hannun tayar gabanta, wato robar da ke riƙe taya a jikin mota. Can za ka samu mai yi maka sodar waya da mai sayar da caja, kayan jikin motar kuwa oda ake yi, kuma oda makonni take ɗauka. Ba abin da ke kashe wa yaro sha'awa kamar mota ta kwana ashirin a kan firji saboda 'yar robar da ba ta kai kuɗin kwanon shinkafa ba. Shi ya sa nake cewa ranar da ka biya kuɗin mota, a ranar ka haɗa da hannayen taya na gaba da na baya, da sandar da ke juya taya, da nocin taya. Za ka ga ana tallar hannaye na alminiyam masu launi, ja da shuɗi, suna ƙyalli. Ka bar su. Na roba yana lanƙwasawa ya dawo, in abin ya yi tsanani ya karye shi kaɗai. Na ƙarfe ba ya karyewa, sai ya lanƙwashe ya zauna a haka, ko ya miƙa dukan ga akwatin giya, wanda ya fi shi tsada nesa.

Maganar Slash, wanda ya ba ka shawarar bai yi ƙarya ba. Traxxas kamfanin Amurka ne a jihar Texas, tun 1986 suke wannan sana'a, Slash kuma tun 2008 take fitowa. Girmanta 1/10, tsawonta ya kusa santimita 57, ta asalin tayoyin baya kaɗai ke ja, kayan wutarta a rufe suke ruwa ba ya shiga, kuma tana da tsarin koyo da ke raba ƙarfin inji biyu. A cikin ukun ita ce ta fi jure duka, ba na jayayya. Amma kuɗinta a dala ya ninka na waɗancan, kwalinta babba ne don haka kuɗin dako ma ya yi sama, wasu kuma ba sa zuwa da batir da caja, ka duba da kyau. Kayan gyaranta da dala ne su ma. Sannan tana son fili mai faɗi, a tsakar gidan haya ba za ta ko miƙe ƙafa ba. In kana da mai zuwa daga Amurka a kai a kai, ka yi tunaninta. In babu, ka bari sai kun shekara da ƙaramar kun ga abin ya zauna muku.

Batir shi ne abin da nake roƙonka ka riƙe a hannunka, kada ka bar wa yaro. Yawanci irin da ake kira LiPo ne, mai gida biyu da ake rubuta bolt 7.4 a jikinsa. Kowane gida cikarsa bolt 4.2, in za a ajiye shi kwanaki ana barinsa wajen 3.8, kuma ba a son a tsotse shi har ƙasa, da ka ji mota ta yi sanyi ka tsaya. Al'adarmu ta jona abu a soket mu kwanta, in an kawo wuta cikin dare ya yi caji da kansa, ba ta yi da wannan batir ko kaɗan, domin in ya kama wuta ba ya jin kira. Ka yi caji kana zaune, a kan tayil ko siminti, nesa da katifa da labule. Kada ka bar shi cikin mota a rana kana cikin cunkoson Oshodi. In ya kumbura kamar buredi, aikinsa ya ƙare. Ka sayi na biyu tun farko, don ƙaramin da ke zuwa da 144001, mai 1500mAh, wajen minti goma yake yi in ana taka ta. In wani ne zai riƙo maka a jirgi, batir ɗin a jakar hannu ake sa shi, ba a cikin kayan da za a auna ba.

Ruwa kuma, ko an rubuta ba ya shiga, boris da sukurori ƙarfe ne, tsatsa suke yi. Na taɓa kai tawa bakin teku a Lekki, muka sha wasa a yashi, na dawo a gajiye na ajiye ta ban goge ba. Kwana uku na ɗauko, tayar baya ɗaya ta ƙi juyawa, na kwance na ga boris ya yi ja wur, yashi da gishiri sun cinye shi. Tun daga ranar, duk inda muka dawo sai na bi ta da busasshen burushin fenti, na ɗiga mai a kowane boris.

In ni ne a Agege da yaro a gefena, 14210 zan ɗauka, saboda ƙasar da za ta taka da injin da ba ya yawan buƙatar gyara. In kuwa filin da kuke da shi mai laushi ne, ko kuɗin bai kai ba, 144001 ba za ta ba ka kunya ba, ka dai riƙa barin injin yana hucewa. Ko wacce ta iso, kafin ku kunna ta ku zauna kai da yaron da sukundireba, ku bi sukurorin ɗaya bayan ɗaya ku ƙara ɗaurewa, waɗanda suka shiga cikin ƙarfe ka sa musu ɗigon gam ɗin sukuru mai launin shuɗi, don girgiza na kwance su. Nocin taya huɗun nan kuma ka riƙa taɓa su duk fita.