Sharhi: ɗaga aikin Terraform daga siga ta 3 zuwa ta 5 ta mahaɗin AWS

Duk wanda yake riƙe da tsohon aikin Terraform da har yanzu ke zaune a kan siga ta 3 ta mahaɗin AWS (dandalin hayar sabobi na kamfanin Amazon), shawarata gare shi ita ce ya fara ɗaga Terraform ɗin kansa zuwa 1.5 ko sama kafin ya taɓa mahaɗin. Da wannan tsarin na yi aikin a wani ƙaramin kamfani da nake kula wa da sabobi, kuma shi ne dalilin da ya sa na fito daga aikin ina yaba kayan.

Ga wanda bai saba ba, Terraform manhaja ce ta kamfanin HashiCorp da ake rubuta mata a fayil irin sabobi, rumbunan bayanai da hanyoyin sadarwar da ake so, ita kuma ta je ta gina su. Mahaɗin shi ne ɓangaren da ke magana da AWS a madadinta, kuma yana da nasa lissafin sigogi daban. Namu aikin ya ƙunshi bokitan S3 (ma'ajiyar fayiloli a AWS) masu yawa, rumbun bayanai na RDS guda, da hanyar sadarwa ta VPC da aka gina da wani sanannen kunshi na jama'a, wato kod da wasu suka riga suka rubuta don kowa ya yi amfani da shi. An rubuta shi tun kafin 2022, kuma tun daga nan kowa ke tsoron taɓa layin siga.

Tsoron yana da tushe. Siga ta 4.0 da ta fito a watan Fabrairun 2022 ta farfasa aws_s3_bucket, sashen da ake bayyana bokiti da shi. A da, a wuri guda kake rubuta izinin shiga, ajiye tsofaffin kwafi, ɓoye bayanai da ƙa'idar goge fayiloli bayan wani lokaci. Sabuwar sigar ta ba kowanne nasa gida: aws_s3_bucket_acl, aws_s3_bucket_versioning, aws_s3_bucket_lifecycle_configuration da sauransu. Masu amfani sun yi ta ƙorafi, sai aka dawo da tsohon salon rubutu a siga ta 4.9, yana aiki amma da gargaɗin cewa ya tsufa. Har a siga ta 5 gargaɗin kawai yake bayarwa. Ma'ana mutum zai iya hayewa ba tare da ya gyara bokitai ba. Ni ban zaɓi haka ba, domin gargaɗin da ya cika allo yakan ɓoye wanda ya kamata a gani.

A nan ne Terraform 1.5, wadda ta fito a watan Yunin 2023, ta biya ni. Kafin ita, idan ka rubuta sabon aws_s3_bucket_versioning don bokitin da ya riga ya wanzu, sai ka buga umarnin terraform import da hannu, ɗaya bayan ɗaya, kowane bugu yana canza fayil ɗin da Terraform ke ajiye abin da ta sani game da kayanka, nan take, babu wanda ya duba. Yanzu kuwa kana rubuta sashen import ne a cikin kod, ka saka sunan bokiti, abokin aikinka ya karanta shi kamar kowane gyara, sannan terraform plan ta nuna maka nawa za a shigo da su, nawa za a ƙara, nawa za a canza, nawa za a rushe, kafin komai ya motsa. Abin da nake nema a kowane zagaye shi ne ukun ƙarshe su zama sifili. Idan wani ya nuna canji, to abin da na rubuta bai yi daidai da abin da ke AWS ba, sai in koma in gyara rubutun. Samun wannan damar ta dubawa kafin aiwatarwa ya sauya yanayin aikin gaba ɗaya, na daina aiki da fargaba.

Abu biyu ne ke bukatar kula a nan. Na farko, idan ka ƙirƙiri sabon sashen ƙa'idar goge fayiloli, dole ka cire tsohon lifecycle_rule daga cikin bokitin, in ba haka ba su biyun za su riƙa jayayya, kowanne yana share aikin ɗan'uwansa. Na biyu, wajen shigo da aws_s3_bucket_acl sunan bokiti kaɗai ba ya isa idan kana amfani da izini irin private, sai ka haɗa su da waƙafi a tsakani.

Ban yi tsalle daga 3 zuwa 5 kai tsaye ba. Na hau sigar ƙarshe ta layin 3, na share gargaɗi, na hau 4, na gyara bokitai, sannan na wuce 5. Kowane mataki canza layin siga ne da buga terraform init -upgrade, wanda ke sabunta .terraform.lock.hcl. Wannan fayil ɗin ya kamata ya shiga Git tare da sauran. Idan wasu a ƙungiya suna kan Mac, na'urar gwaji kuma tana kan Linux, umarnin terraform providers lock zai saka hatimin kowane tsari a ciki. Wata magana ta gefe ga masu sayen data da kuɗinsu irinmu: mahaɗin AWS yana da nauyi, ɗaruruwan megabayit ne bayan an buɗe shi, kuma kowane babban fayil na aiki zai sauke nasa kwafin. Saita plugin_cache_dir ya sa na sauke kowace siga sau ɗaya kawai.

Siga ta 5, ta watan Mayun 2023, ta fi ta 4 sauƙin hawa. Ta cire duk abin da ya shafi EC2-Classic, tsohon tsarin hanyar sadarwar sabobi wanda AWS ta riga ta rufe, don haka tsohon kunshin VPC ɗinmu ya ƙi tashi saboda yana ambaton enable_classiclink. Ɗaga kunshin zuwa layinsa na 5 ya warware matsalar. A aws_db_instance, sashen rumbun bayanai, an cire name, sai db_name. A aws_eip, sashen adireshin IP na dindindin, ana so a rubuta domain a maimakon vpc. Duk waɗannan da kansu suke nuna kansu, Terraform za ta faɗi fayil da layi.

Wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne wanda ba ya ihu. A siga ta 5, id na aws_db_instance ya daina zama sunan rumbun da ka raɗa masa, ya koma wata lamba ta cikin gida mai farawa da db-. Ƙararrawarmu ta CloudWatch (manhajar sa ido ta AWS) da ke sa ido kan cikar rumbun tana karɓar wannan id ɗin ne. Kod ɗin bai karye ba, babu kuskure ko ɗaya. A cikin plan layi guda ne kawai, canjin ƙima a wuri, irin wanda ido ke wucewa da dare. Da an aiwatar, ƙararrawar za ta koma gadin rumbun da babu shi, kamar maigadin da aka kai ƙofar kango alhali dukiya tana wani gida. Maganin shi ne a rubuta identifier a wurin id. Jagorar sabuntawa ta mahaɗin ta ambaci wannan a fili, shi ya sa nake ganin karanta ta daga farko zuwa ƙarshe wajibi ne, ko da tsayinta zai gajiyar da mutum. Terraform za ta nuna maka abin da zai canza, amma ba ta san wane canji ne ke da haɗari ga aikinka ba.

Wani daɗin da na samu shi ne default_tags, wato alamomin da ake saitawa sau ɗaya a mahaɗi don su hau kan kayayyaki. A da, idan alama ɗaya ta bayyana a matakin mahaɗi da kuma kan kayan kansa, sai rikici ya tashi ko plan ta riƙa nuna bambancin da ba ya ƙarewa. Siga ta 5 ta gyara wannan, kuma yanzu idan plan ɗinmu ta ce babu canji, na yarda da ita.

Siga ta 6 ta fito a watan Yunin 2025, kuma tana ba da damar saka region, wato yanki, a kan yawancin kayayyaki maimakon buɗe mahaɗi daban don kowane yanki. Zai yi mana amfani domin muna ajiye kwafin bayanai a yanki na biyu. A yanzu na ɗaure aikin a kan ~> 5.0, wato layin siga ta 5 kawai, kuma zan hau 6 da zarar na tabbatar kunshin da muke dogaro da su duk sun karɓe ta.