Roba, Sifirin ko Kankare: Me Ya Dace a Ɗora Janareta a Kai?

Mai shago ko mai otal a Kaduna da zai kafa janaretan dizal yakan damu da ƙarar injin, alhali jijjigar da ke ratsa daɓe ta shiga ginshiƙi ita ce take tsattsaga filasta, take kwance notuna. Galibin waɗannan injuna suna juyi 1,500 a minti, wato sau 25 a daƙiƙa, kuma ƙa'idar ita ce matashin da za a sa ƙarƙashinsu ya yi taushin da saurin rawar da yake yi da kansa, ɗauke da injin, ba zai wuce kashi ɗaya cikin uku na wannan saurin ba. Idan saurin biyun suka zo daidai, jijjigar ninkuwa take yi maimakon ta ragu.

Roba ita ce mafi araha, kuma tana shanye wani ɓangare na jijjigar ta mayar da shi zafi. Idan nauyin injin ya danne ta da milimita 5, rawarta tana kusa da sau 7 a daƙiƙa, wanda ya wadatar a ƙasa. Sai dai robar asali tana kumbura ta lalace idan baƙin mai ko dizal ya jiƙa ta, don haka a nemi nau'in da ke jure mai. Guntun tsohuwar taya da ake yawan gani ya yi tauri, amfaninsa kaɗan ne.

A saman bene kuwa, ra'ayina sifirin ya fi. Daɓen bene yana da tasa rawar, yana amsa wa injin kamar fatar ganga, saboda haka ana bukatar matashi mai taushi sosai. Sifirin da ke lotsawa milimita 25 yana sauko da rawar zuwa kusan sau 3 a daƙiƙa. Aibinsa shi ne kusan ba ya shanye jijjiga kamar yadda roba ke yi, shi ya sa injin kan yi tsalle lokacin tayarwa da kashewa, sai an haɗa shi da roba. Sifirin da za a ƙera a Panteka, kasuwar maƙera ta Kaduna, ma, a fara sanin nauyin da kowace ƙafa za ta ɗauka.

Dakalin kankare mai nauyi yana rage motsin injin kansa, amma idan ya manne da harsashin ginin, jijjigar wucewa za ta yi. A bar rata tsakaninsu. Haka kuma bututun salansa da na mai su kasance da mahaɗi mai lanƙwasa, domin bututun ƙarfe da aka ɗaure a bango zai kai jijjigar can ko da an sayi matashi mafi tsada.