Wasiƙa daga Kum: abin da na gani a ƙauyen Abyane

Assalamu alaikum Yaya. Ina fatan kuna lafiya. Ya jikin Inna, ya yara?

Ka tambaye ni ko kayan more rayuwar Iran da nake ba ka labari a birane kaɗai suka tsaya. To, a hutun nan mun leƙa Abyane, wani ƙauye a yankin Natanz na lardin Isfahan, can cikin duwatsun Karkas. Daga Kum sai ka bi ta Kashan, sannan mota ta saki babban titi ta kama hawa. Gidajen na jar ƙasa ne, a jikin dutse, wani bisa wani. Ƙidayar 2006 ta samu mutum 305 a gida 160. Ka lissafa da kanka, ko mutum bibbiyu ba su kai ba. Yawancinsu tsofaffi ne, 'ya'yan suna Tehran da Kashan, sai hutu ko lokacin Ashura ake ganinsu.

Duk da haka kwalta ta je har bakin gari, akwai lantarki, waya tana kamawa, kuma ban ji ƙarar janareta ba. Wallahi abin ya tsaya min a rai. Unguwarmu kaɗai ta fi su jama'a nesa ba kusa ba, amma da damina ta sauka sai a ɗauki mai naƙuda a amalanke.

Wata dattijuwa mai farin mayafi da zanen furanni, irin shigar matan garin, ta sayar min da busasshen tuffa da lawashak. Shi lawashak 'ya'yan itace ne ake dafawa a shanya falle-falle, ɗanɗanonsa kamar tsamiya. Da kati na biya, don har ita tana da na'urar. Sai dai katin bankin Iran ne kawai ke aiki, na waje takunkumi ya hana. Farashi kuma da toman ake faɗa, alhali riyal ne kuɗin hukuma. Toman ɗaya riyal goma.

Amma ta fannin kasuwa mun fi su. Shagunan duk na 'yan yawon buɗe ido ne, kayan sun fi na Kum tsada. Ban ga mai faci ko mai gyaran waya ba, balle layin mahauta da 'yan koli irin na ranar kasuwarmu.

Idan an samu mai zuwa, a taimaka min da kuka, daddawa da yaji mai zafi, don abincinsu ba barkono. A gaida kowa da kowa.