Kananzir ko man fitila: wanne za ka ajiye don ranar da aka ɗauke wuta?

A Jos ba zafi ne ya fi lalata man da aka ajiye ba, raɓa ce. Rana ta ɗumama jarka, dare ya yi sanyi, iskar da ke ciki ta bar ɗigon ruwa a jikinta, ruwan ya gangara ƙasa tun da ya fi kananzir nauyi. A nan ƙwayoyin cuta ke hayayyafa, su bar wata baƙar laka mai toshe lagwani. Sai ka ga fitila tana tartsatsi, tana hayaƙi, ƙwanta ya yi baƙi ƙirin.

Kananzir ya fi arha, kuma fitilar ƙwai da risho duk suna cinsa. Idan jarkar a cike take, bakinta a ɗaure tam, tana inuwa, zai kai shekara 1 zuwa 2 lafiya lau. Rabin jarka kuwa, bayan damina ɗaya ma a duba shi. A zuba kaɗan a farar kwalba, a bar shi awa guda. Mai kyau garau yake kamar ruwa. In ya yi rawaya, ko ruwa ya kwanta a ƙasa, bai dace da ɗaki ba.

Man fitila na kwalba, wato tataccen farafin da ake samu a manyan kantuna, ya fi jure ajiya, yana shekaru in ba a buɗe ba, kuma warinsa kaɗan ne. Sai dai da tsada, ba ya hawa faffaɗan lagwani da kyau, haskensa bai kai na kananzir ba, sanyin hunturu kuma yana ƙara masa kauri. Mai asma ko jariri a gida, shi ya fi masa.

Man gyaɗa da manja ba sa hawa lagwanin fitilar ƙwai, a bar su a kicin.

Wajen saye ne babban haɗari yake. Kananzir na gaskiya ba ya kama wuta da tururinsa sai ya kai wajen digiri 38, fetur kuwa ko a tsakiyar hunturu kamawa yake. Shi ya sa kananzir da aka gauraya da fetur ke fashewa da fitila a hannun mutum. A saya a gidan mai, a guji na bakin titi, a shinshina. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur, ko an wanke ta, ba ta kananzir ba ce. Kwalbar lemo kuma haramun, yara sha suke yi.

Ƙaramar fitilar ƙwai tana cin lita 1 a cikin awa 50 zuwa 60, saboda haka lita 5 za ta kai gida wata biyu a kan awa 4 kowane dare. Gara jarka biyu masu lita 5 da guda mai lita 10, don ɗaya ta zauna a rufe. A rubuta ranar saye a jikinta, a ɗora ta kan katako nesa da murhu, a ajiye lagwani na canji. In an kunna fitila a ɗaki, duk sanyin Disamba, a bar taga a ɗan buɗe.