Tagwayen sifika daga wani shago kusa da babbar kasuwa, na gwada su da kiɗan Steve Reich

Mai neman akwatin da zai girgiza rumfar biki, wannan bayani ba nasa ba ne. Abin da na saya sifika ne guda biyu ƙanana, kowace na shiga tafin hannu, masu haɗuwa da waya ba igiya, jikka goma sha takwas bayan an sha ciniki. Shagon yana kusa da babbar kasuwar Maradi, cikin layin masu kayan waya. Tarihi nake koyarwa a sakandare, kuma don kiɗan mutum guda na saye su.

Steve Reich Ba'amurke ne, an haife shi a New York a 1936. Yawancin kiɗansa na makaɗa ƴan kaɗan ne a ɗaki, wani lokaci mutum biyu kawai. A 1970 ya je Jami'ar Ghana ya koyi kiɗan ganga wurin Gideon Alorwoyie, zazzaɓin cizon sauro ya katse masa zaman, ya koma gida ya rubuta Drumming. Dabararsa ita ce mutum biyu su kama kiɗa iri ɗaya, sai ɗaya ya ɗan zame gaba, kiɗan ya rabu, wani sabo ya fito daga tsakaninsu. A Clapping Music na 1972 ko ganga babu, tafi ne na mutum biyu. To irin wannan in ka sa a sifika ɗaya, hannuwan huɗu sai su cakuɗe, ka rasa wa ya zame wa ya tsaya.

Yaron shagon ya fara ɗauko mini wani ƙaton akwati mai fitilu ja da kore. "Baba, wannan in kun kunna har Tibiri za a ji." Na ce masa ɗana, ni ba Tibiri nake son ta ji ba, miƙo ƙananan can. Abin da ya burge ni da shi, bai yi musu ba. Ya kashe waƙar da ke tashi a shagon, ya ɗora ɗaya kan kanta, ɗaya kan kwalin caja a can gefe, ya bar ni na sa abina daga wayata. Da tafin ya fara, ɗaya daga dama ɗaya daga hagu, sai ya tsaya da soson da yake goge gilashi a hannu yana lissafi da ka. Masu shago da yawa ba sa yarda ka gwada kaya da abin da ka zo da shi.

Inda sifikun suka biya kuɗinsu shi ne Different Trains, wanda Reich ya rubuta a 1988 don ƙungiyar Kronos, masu goge huɗu irin na Turawa. Iyayensa sun rabu yana jariri, uwa a Los Angeles, uba a New York, don haka daga 1939 zuwa 1942 yana yaro ya yi ta kai da komo a jirgin ƙasa tare da mai rainonsa. Da ya girma sai ya tuna shi Bayahude ne, da a Turai yake a shekarun nan, wani jirgin daban za a sa shi, irin wanda ƴan Nazi ke kai Yahudawa sansanonin kisa da shi. Ya naɗi muryar mai rainon, da ta wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ya haɗa da muryoyin mutum uku da suka tsira daga kisan ƴan Nazi. Kowace guntuwar magana sai goge ya kwaikwayi hawa da saukarta, matsakaicin goge yana bin mata, babban yana bin maza. Bahaushe ba sai an yi masa dogon bayani ba, haka kalangu ke faɗin sunan mutum. A sifikun nan muryar tsohuwar tana fitowa fes, gogen na biye da ita, usur ɗin jirgi na ratsawa ta sama bai danne su ba. A kashi na biyu, na Turai lokacin yaƙi, jiniya ke shigowa, kuma nan ne akwatuna masu yawan gurnani ke lalata komai. Waɗannan sun riƙe. Na kai su aji ranar darasin yaƙin duniya na biyu, ɗalibai sun saurari minti ashirin da bakwai ɗin ba surutu, ko da yake yawancinsu ba su taɓa ganin jirgin ƙasa ba. Layin Kano zuwa Maradi da aka aza harsashinsa a 2021 muna nan muna jira.

Aibu akwai. Babban gogen yana fita siriri, ƙasan muryarsa ba ya cika ɗaki. Batir a kwali an rubuta awa takwas, ni dai Drumming, wanda ke kai kusan awa guda, in na maimaita shi kaɗan sai fitila ta fara ƙiftawa, ga kuran ɗinmu ba tabbas a watannin zafi. Abin da ya fi ba ni haushi wata murya ce ta mace da ke sanar da ƙarewar caji da ƙarfi, a tsakiyar kiɗa, ba maɓallin kashe ta. Haɗa biyun su yi aiki tare ma sai yaron ya nuna mini, takardar ciki rubutunta ƙanana ne ƙwarai. A danna maɓallin tsakiya na kowace a lokaci guda kafin a haɗa da waya, in ba haka ba ɗaya ce za ta yi magana.

Shagon na ba da mako guda na canji in kaya ya ƙi aiki, amma sai da kwali da rasit. A tsakar gida in kabu-kabu na wucewa sautin ɓacewa yake, na ɗaki ne. A raba su kamar taku uku, a zauna tsakiya, a fara da na tafin tunda minti biyar bai kai ba.